Hoto ya ce ƙafata lafiya lau, ni kuma na ce ban yarda ba

Goggo mai shawara,

Ki taimake ni, don na kai inda idan ban amayar da abin da ke cikina ba zan fashe. Amma tun farko in gaya miki, ba lallashi na zo nema ba. Lallashi na sha shi a gida har ya gundure ni. So nake wani wanda ba danginmu ba ya saurare ni daga farko har ƙarshe, ya faɗi wanda ke da gaskiya tsakanina da wata takardar asibiti.

Mu gidan masu gilashi ne. Babanmu shi ya buɗe shagon: dogon tebur mai shimfiɗe da tsohon bargo inda ake yanka, katakon jingina gilashi a bango, da ƙasa wadda ko sau nawa aka share sai ta yi ƙyalli. Mu uku ya haifa, Yaya, ni, sai Auta, wanda har yau muke ce wa Auta duk da gemunsa ya fi na kowa a gidan. Ni kaɗai ce mace, kuma ba wanda ya gayyace ni aikin nan. Ni na liƙe. Na fara da shara, na koma riƙe ma'auni, na koyi yanka, har ranar da Baba ya miƙo mini safar hannu. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya koma kujera a bakin ƙofa, Yaya ke riƙe da shago.

Sai na yi miki bayanin yadda ake ɗaukar babban gilashi, in ba haka ba ba za ki gane damuwata ba. Mutum biyu ke ɗauka. A kan matakala, ɗaya yana sama yana hawa da baya, ɗaya yana ƙasa da nauyin. Mai ƙarfi ne ke ƙasa, don haka Auta ne abokin ɗaukata, ni a sama. Idan ƙafar na sama ta goce, ba shi gilashin ke nema ba, na ƙasa yake nema. Shi ya sa Baba ya horar da mu yadda ya yi. Zai ba mu falle na katako mu riƙe kamar gilashi, sai ya lallaɓo ta baya ya shure mana dunduniya, ko ya kama ƙafa ya fizga. Wanda ƙafarsa ta motsa ya koma shara. Da haka muka tashi: da zarar an taɓa maka ƙafa, sai ka ƙage ta. Har yau 'yata in ta zo yi mini cakulkuli a tafin ƙafa, sai ta ce Mama ta zama gunki. A wannan fanni ko Yaya bai kama ƙafata ba, kuma ya sani.

To, shekarun baya na diro daga motar kaya na taka dutse, idon sawuna na hagu ya yi targaɗe. Ya kumbura, ya yi baƙi, na ɗaure shi na koma aiki, don ban ga ta zama ba. Ina zama za a ce ai dama aikin ba na mata ba ne. Kumburi ya saɓe, amma ƙafar ba ta koma tawa ba. Idan na san abu na zuwa, ba mai iya motsa ta. Sai ina tafiyata hankali kwance, a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ba rami ba tudu, kawai in ji ta turguɗe waje kamar ba a jikina take ba. Ta yi mini a kasuwa, ta yi mini a banɗaki, ta yi mini a gaban surukata ina ɗauke da tire. Kowace faɗuwa sai a yi dariya, ni ma in taya su, a ce wai ƙasa ce ke ƙaunata.

Dariyar ta ƙare ran da muke hawa da gilashin wata babbar taga. Muna tsakiyar matakala ƙafar ta tafi. Ban saki gilashin ba, wallahi ban sake shi ba, amma ya zame ya sauka a kan Auta. Ya tare da dantse. Ɗinkin da aka yi masa ya taso daga gwiwar hannu har kusa da kafaɗa, kuma likitan da ya ɗinke ya ce da ya ɗan matsa sama da wani labarin ake. Auta ya mayar da abin wasa, wai yanzu ya samu abin nuna wa 'ya'yansa. Matarsa kuwa tana da tsohon ciki, kuma tun ranar gaisuwarta gare ni ta gajarce. Ban ga laifinta ba. A bakin ƙofar asibitin na yi wa kaina alkawari cewa ba zan sake tsayawa a saman ƙanina da gilashi ba sai an gyara ƙafar nan.

Na je wurin likitan ƙashi. Mutum ne mai sanyin magana, ba zan yi masa ƙage ba. Ya zaunar da ni a bakin gado, ya kama ƙaurina da hannu ɗaya, dunduniya da ɗaya, ya ce in saki jiki, sai ya ja. Goggo, 'yar Baba ce fa ni. Ya ja, ya murɗa, ya sake cewa in saki, ya sake ja, ƙafar nan ko gezau. Ina jin zafi har cikin kaina amma ban bari ya ga ko ƙiftawar ido ba, don ba zan je gaban wani namiji in yi raki ba. Har ya ce ƙafar tana da ƙarfi, ni kuma na ji daɗi a raina. Sai ya ce a yi hoto don a tabbatar.

An fara da hoton ƙashi, aka ce ba karaya, wanda dama ban ce akwai ba. Sannan aka tura ni babban injin nan da suke kira MRI. Aka kwantar da ni, aka tokare ƙafar da matasai ta kowane gefe, aka ce kada in motsa ko ɗan yatsa. Injin ya yi ta ƙara kamar ana fasa bango. Ina kwance ina tunanin cewa a haka, a kwance, a tokare, ai ko ni zan rantse ƙafar lafiyarta ƙalau. Ba a kwance take cin amanata ba.

Sakamako ya fito: jijiyoyin da ke riƙe da idon sawun suna nan a haɗe, ba abin da ya tsinke. Likita ya ce hannunsa bai ji sakewa ba, hoto bai nuna tsinkewa ba, don haka ba shi da hujjar sa wuƙa. Ya tura ni sashen gashi, inda ake gasa ƙashi da motsa gaɓoɓi. Na je 'yan kwanaki. Wata baiwar Allah ta ba ni roba in riƙa ja da ƙafa, ta ce in tsaya da ƙafa ɗaya in rufe ido. Ni da nake wuni a kan tsani za a koya wa tsayuwa? Na ajiye musu robarsu na kama gabana.

A gida ne abin ya fi ci mini rai. Yaya ya karɓi hoton ya ɗaga shi a hasken taga, yana karkata shi hagu da dama, daidai yadda muke duba gilashi kafin mu yanka. A wurinmu masu gilashi, abin da haske bai nuna ba babu shi. Bai san ƙashi daga jijiya a hoton ba, amma ya duba ya gyaɗa kai kamar shi ya ƙera injin. Ya yanke hukunci cewa ba ƙafata ba ce ke ciwo, zuciyata ce ta tsorata tun da na ga jinin Auta. Ya ce tsoro ba abin kunya ba ne, musamman ga mace. Wannan musamman ɗin ce ta tsaya mini a wuya. Umma kullum tana biyo ni da man shafawa. Baba kuma yana kujerarsa bai ce komai ba, kuma shirun nan nasa ya fi mini maganar Yaya zafi.

Yanzu mun samu babban aiki, gini mai hawa da yawa, ba lif, duk tagogin da matakala za a hau da su. Yaya ya ba ni zaɓi: ko in kama gefena in hau, tunda takarda ta wanke ƙafar, ko in koma tebur ina amsa waya, ya ɗauko wani ya zama abokin ɗaukar Auta na dindindin. Wato ko in saka ran ƙanina a kan ƙafar da na san maƙaryaciya ce, ko in miƙa safar hannun da na yi shekaru ina fafutuka kafin a ba ni. Na ce masa duka biyun ba zan yi ba.

Wata mai sayen madubi ta kwatanta mini wani likita mai asibitin kansa. Na je. Bai ɓata mini lokaci ba. Ya ɗan leƙa hoton, ya ce shi bai damu da hotuna ba, ya ɗan latsa wajen, ya ce in na shirya zai yi mini tiyata mako mai zuwa. Shi ne mutum na farko da bai kalle ni kamar mai ƙirƙirar ciwo ba, har hawaye ya kusa kufce mini. Na amsa masa. Maigidana, wanda bai taɓa hana ni aikina ba ko sau ɗaya, ya kasa cin abinci. Ya ce bai kwanta masa ba a ce mutum zai tsaga ƙafa bai ma sa na cire ɗayan takalmin ya gwada su biyun ba. Na ce masa ƙafata ce, ni ke takawa.

Don haka Goggo, sai an yi mini tiyatar nan ko kowa zai juya mini baya. Abin da nake so a wurinki shi ne ki faɗa a fili: shin hoto ba ya kuskure? Wa ya fi sanin ƙafa, injin da ya gan ta a kwance ko mai ita? Ki buga amsar, don Yaya yana karanta filinki, ko da yake yana cewa matarsa ce ke sayen jaridar.

Taki,
Mai riƙe gefen sama

*

'Yata Mai riƙe gefen sama,

Kin ce ba kya son lallashi, to ba zan ba ki ba. Zan fara da inda kike da gaskiya, don yana da yawa.

Ban ɗauke ki mai ƙarya ba, ban kuma ɗauke ki matsoraciya ba. Ni ba likita ba ce, shi ya sa na kai wasiƙarki wurin wata aminiyata likitar ƙashi, muka karanta tare. Ta ce abin da kika lura da shi a cikin injin nan daidai ne. Hoton yana da amfani ƙwarai: yana nuna tsinkewa, yana nuna rauni a guringuntsi ko a wasu jijiyoyin da likita ke son sani kafin ya shiga tiyata. Amma ƙafa a kwance yake ɗauka. Jijiyar da ta yi rauni tana iya warkewa a sake, kamar igiyar shanya da ta miƙe ba ta tsinke ba. A hoto za a gan ta a haɗe, sai an rataya mata kaya a ga ta yi ƙasa. Saboda haka hoto mai tsabta bai isa ya rufe maganar idon sawun da ke ta gocewa ba. Likita yana haɗa shi ne da labarin mai ciwo da abin da hannunsa ya ji.

A nan ne zan juyo kanki. Shaida uku likitan farko ya nema: bakinki, hannunsa, da hoto. Ta biyun ke kika ɓata ta da kanki. Jan da ya yi wa dunduniyarki ba gwajin jarumta ba ne. So yake ya ji ko ƙashin zai zamo gaba idan naman ƙafa ya saki, don a nan ne jijiya ita kaɗai ke riƙe da gaɓar. Ke kuma kika yi masa abin da Baba ya koya miki, kika ƙage, naman ƙafarki ya yi aikin da jijiyar ta kamata ta yi, mutumin ya rubuta abin da ya ji. Kin ma faɗi sirrin da bakinki: idan kin san abu na zuwa ba mai motsa ta, sai kin shagala take tafiya. Aminiyata da ta kai nan sai ta ajiye takardar ta yi dariya. Kin je asibiti neman a ga rauninki, kika ɓoye shi da dukkan ƙarfinki, sannan kika fito kina jin haushi ba a gani ba.

Ki koma wurinsa, ko wurin wani ƙwararre a kan ƙafa da idon sawu. Ki ba shi labarin katakon Baba kamar yadda kika ba ni. Ki gaya masa inda take gocewa da yadda take gocewa, ki gaya masa maganar Auta da irin aikin da kike yi. Ki nemi a sake gwajin hannu, a gwada ƙafa biyun. Ki tambaya ko za a yi hoton da ake ɗauka ana jan ƙafar, ko sikanin irin na masu ciki wanda ake kallon jijiyar tana motsi. Kowannensu yana da iyakarsa, amma sun fi kusa da tambayarki. Ki kuma roƙi likitan ya duba hoton MRI ɗin da idonsa, ba rubutun da aka haɗo da shi kaɗai ba.

Maganar gashi, kin yi gaggawa. Tsayuwa da ƙafa ɗaya ba raini ba ne. A kan tsani kina sane da ƙafarki, robar nan da rufe idon suna horar da ita ne don lokacin da ba kya sane, kuma can ne matsalarki take. Mutane da yawa da wannan suke warkewa ba a kai ga wuƙa ba. Idan kika yi shi da gaske na wasu watanni ƙafar ta ci gaba da gocewa, wannan ma hujja ce mai ƙarfi, kuma likitoci kan so ganinta kafin su amince da tiyata.

Likitan mako mai zuwa kuwa, ki dakata. Na gane daɗin da kika ji da aka yarda da ke bayan an daɗe ana musa miki. Amma wanda ya ce hoto ne komai da wanda ya ce hoto ba komai ba ne, duka sun taƙaita bincike. Maigidanki ya ga abin da ya kamata a gani. Mai yiwuwa a ƙarshe tiyatar ce maganinki, kuma idan ta dace tana taimakon mutane sosai. Sai dai tana da haɗarinta, tana da doguwar jinya, kuma ba a warware ta. Kada ki kwanta a teburin tiyata don ki ci nasara a kan Yaya. Duk wanda zai yi aikin, ya fara gaya miki me ya gano, me zai gyara, da abin da zai yi idan ya shiga ya tarar da wani abu dabam.

Yaya, tunda an ce kana leƙa jaridar matarka: ƙafa ba gilashi ba ce, ba a gane lafiyarta a hasken taga. Ƙanwarka ta ƙi hawa ne don kada ta sake zubar da jinin ƙaninku, kuma mai shago ya kamata ya fi kowa son irin wannan ma'aikaci. Ka ɗauko mutum na wannan aikin kaɗai, ka bar mata teburin yanka, ka rataye safar hannunta inda take.

Ke kuma 'yata, alkawarin da kika yi a bakin asibiti ki riƙe shi da kyau. Kada ki hau matakalar nan da gilashi, ko da ɗauri a ƙafa, ko wa ya ce. A wannan batu, taurin kanki yana kan hanya.

Abu na ƙarshe. Na san za ki zauna a bakin gadon nan da niyyar saki, likita ya kama dunduniya, ƙafar ta ƙage da kanta, don ba a ajiye horon ƙuruciya a yini ɗaya. Ki tafi da Baba. Ban jin shirunsa na rashin yarda ne, ina jin mutum ne da ya ga ɗinkin ɗansa bai san ta inda zai fara ba. Shi ya koya wa ƙafar nan kada ta motsa. Ya zauna kusa da ke ya riƙe hannunki, ya gaya miki da bakinsa cewa yau babu gilashi a hannunki, babu Auta a ƙasanki, kuma ba wanda zai mayar da ke shara idan ta motsa.

Allah ya ba ki lafiya, ya sauki matar Auta lafiya, ya mayar da ke gefen sama da ƙafar da za ki iya mantawa da ita.

Goggonku